Auren Loving da Alƙalai Tara

A ƙasar Amurka akwai kotu guda wadda bayanta babu sauran ɗaukaka ƙara, alƙalanta tara. A shekarar 1883 aka kai gabanta shari'ar wani baƙar fata da wata Baturiya, waɗanda jihar Alabama ta ɗaure shekara bibbiyu saboda zama tare. Alƙalan suka ce babu zalunci, tun da horon da aka yi wa baƙi shi aka yi wa fara. Watau muddin bulalar ɗaya ce, ba a tambayar dalilin dukan. Lalle wannan hujja gurguwa ce, amma ta yi shekara tamanin tana tafiya.

A 1958 wani magini farar fata, Richard Loving, ya auri Mildred, mai jinin baƙar fata, a birnin Washington, suka komo gida jihar Virginia. 'Yan sanda suka faɗa musu ɗaki da tsakar dare, ga takardar aure rataye a bango, ba ta hana a kama su ba. Alƙali ya yanke musu ɗaurin shekara guda, ya ce zai jingine shi in sun bar jihar shekara 25. Sai ran 12 ga Yuni 1967 Kotun Ƙoli ta warware, alƙalai tara baki ɗaya, dokar hana irin wannan aure ta faɗi a jihohi 16. Alabama kuwa ba ta goge nata rubutun ba sai 2000.

To, mai karatu ya lura: hukunci ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. A 2015 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka kafa hujja da shari'ar Loving wajen halatta auren jinsi ɗaya, mutanen ƙasar suka rabu biyu a kai. Kuma abin da alƙalai suka ɗaura, magadansu na iya kwancewa. A 2022 kotun ta rushe hukuncinta na 1973 kan zubar da ciki, har alƙali Clarence Thomas ya rubuta cewa a sake duba na 2015.

Ɗan kasuwa ya san bambancin alkawarin baka da rubutacciyar yarjejeniya. 'Yan majalisar Amurka ma suka ga ba a dogara da ra'ayin mutum tara ba. A Disamba 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta wa kowace jiha amincewa da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha, ba duban launi, ba duban jinsi.