Littafin Wata: Turmin Danya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga littafin Sulaiman Ibrahim Katsina. Ya fito a Najeriya a 1982, da Hausa. Labarin Alhaji Gabatari ne, attajirin da ya yi dukiya da fasa ƙwauri da cin hanci. Labarin yana gudu. In ka fara, dare zai raba ba ka sani ba. Mutanen bakin iyaka, Konni da Maradi, sun san irinsa.

A cibiyarmu ta Yamai, wani saurayi ya ce Alhajin ya burge shi. Wannan ya dame ni. Har magariba muna gardama.

Rubutun Najeriya ne: inda muke sa ƴ, su 'y suke sawa. Kada ya rikita ku.