MU SAN DOKA: Daga zauren maigari zuwa gaban alƙali



Kaka ta yi. Hatsi na kwance cikin gonaki, dabbobi kuma suna gangarowa daga arewa. Lokacin nan ne rigima ta fi yawa tsakanin mai gona da mai garke. Saboda haka wannan wata za mu yi magana bisa kotun Magariya: yadda aka kafa ta, irin shara'ar da take yi, da mutanen da ke aiki cikinta.

Yaya aka kafa ta?

Bayan Nijar ta samu mulkin kai a 1960, an yi dokar 16 ga Maris 1962 wadda ta tsara gidajen shara'a na ƙasa. A tsarin nan, cikin ƙananan kotuna alƙali guda ne ke bincike, shi ke tuhuma, shi ke yanke hukunci. Dokar 22 ga Yuli 2004 ta sake tsari. Kotun Magariya tana cikin kotunan gunduma, babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara kuma suna Damagaram. A 2011 aka cire Dungas daga Magariya, ta zama gundumar kanta. Sai dokar 1 ga Yuni 2018 ta tanadi kotu ga kowace gunduma, har da ƙananan kotuna na kwamin, don mutumin Dogo-Dogo ko Guci ya rage doguwar tafiya.

Wace shara'a take yi?

Iri uku ce. Ta farko, shara'ar al'ada: aure, saki, gado, wasiyya, da gonar da ba ta da takardar mallaka ta gwamnati. Nan al'adar masu ƙara ake bi, in ba ta saɓa ma dokar ƙasa ba. Ta biyu, bashi da ciniki. Ta uku, laifi, kamar sata da duka da jin rauni. Manyan laifuffuka irin kisan kai, hukuncinsu ya wuce ƙarfin kotun gunduma.

Su wa ke ciki?

Akwai shugaban kotu da alƙalai. Akwai mai gabatar da ƙara, shi ke tsaya ma jama'a in an yi laifi. Akwai magatakarda, shi ke rubuta ƙara, shi ke ajiye takardu, wurinsa ake karɓar takardar hukunci. Akwai tafinta ga wanda ba ya jin Faransanci. In shara'ar al'ada ce, dattawa biyu da suka san al'adar masu ƙara suna zama tare da alƙali. Su shawara suke ba shi. Hukunci nasa ne.

Ta wace ƙofa ake shiga?

Nan ne da yawanmu ke kuskure. In shanu sun shiga gona, ko an yi gardamar iyaka, ko an nome burtali, ba kotu ake farawa ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun aje sulhu a gaba. Ana farawa wurin maigari ko arɗo. A je gona a ga ɓarnar da ido, da wakilin manoma da wakilin makiyaya. In ba a shirya ba, sai a tafi wurin sarki.

Amma ku riƙe wannan: sarki sulhu yake yi, alƙali ke hukunci. In an shirya, a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ba a shirya ba, a rubuta takardar rashin sulhu. Da ita ake zuwa kotu. Wanda ya tashi daga Waca ko Yekuwa babu takardar nan, ana iya maido shi gida. Ya yi asarar kuɗin mota, ya yi asarar yini.

In kuwa an zub da jini, ko an sari dabba, magana ta wuce zauren maigari. Sai jandarma da kotu.

Mai zuwa kotu ya tafi da shaidunsa da takardunsa. In kwamitin ƙasa, wanda muke kira Kofo, ya ba ka takardar shaidar gona ta gado ko ta saye ko ta aro, ka tafi da ita. Shaida na mantuwa, shaida na mutuwa, takarda na nan. In an aiko maka sammaci, ka je ranar da aka ce, don ana iya yanke shara'a ba ka nan. In hukunci bai yi maka ba, kana da ikon ɗaukaka ƙara zuwa Damagaram. Amma akwai wa'adi. Ka tambayi magatakarda tun ranar, kada ka bari sai ka gama sussuka. Kowane kuɗi ka biya, ka karɓi takardar shaidar biya. Kada ka ba ɗan-tsakani kuɗi wai zai gyara maka magana wurin alƙali. Ga marasa ƙarfi, a 2011 gwamnati ta kafa hukumar da ke taimaka ma talaka da shawara da lauya.

Gaskiya ne, shara'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Tana cin lokaci, tana cin guzuri. Amma ɗaukar doka a hannu, an san abin da yake haifa. A 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Babu damin geron da ya kai ran mutum, babu saniyar da ta kai.

Manomi, ka kwashe amfaninka da wuri, ka bar burtali a buɗe. Makiyayi, ka jira ranar da hukuma ta ce an saki gonaki. In tsautsayi ya gifta, a bi ƙofa ƙofa: maigari, sarki, alƙali.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah shi ba mu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.