FILIN DIREBA DA BAKANIKE: Honda CBR600F na Hannu, a Ina Yake Ciwo?

A wannan wata za mu ajiye zancen motoci mu taɓa na babur, domin wasiƙun da ke zuwa mana daga samarin zangunanmu, musamman na Kumasi da Nima da Ashaiman, sun yawaita a kan tambaya guda, wato ko babban babur ɗin nan na gudu da ake shigowa da shi na hannu ta tashar Tema yana da aminci, ko kuwa ramin zuba kuɗi ne. Babura irin waɗannan suna da yawa, ba kuma halinsu ɗaya ba, saboda haka muka ga ya fi kyau mu ɗauki guda ɗaya mu feɗe shi. Wanda muka zaɓa shi ne Honda CBR600F.

Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara fito da wannan babur a 1987. Daga nan aka yi samfurin F2 a 1991, sai F3 a 1995, sai F4 a 1999 wanda aka yi wa shasi na alminiyom, sannan F4i a 2001 wanda aka cire masa kafireto aka sa masa injekta, aka yi ta ƙera shi har 2006. Injinsa silinda huɗu ne a jere, bawul 16, girmansa kusan sisi 600, da ruwa yake sanyaya kansa kamar mota, giyarsa shida. To, mai saye ya yi lissafi da kansa: ko autansu na 2006 ya samu, babur ne mai kimanin shekara 20 a duniya, wanda ya samu F2 kuwa ya sayi abin da ya girmi yawancin masu hawansa.

Abin da za mu fara faɗa shi ne, injin kansa ba ya cikin abubuwan da ke ba mu tsoro. Idan ana canja masa baƙin mai a kan kari, injin CBR600F yana iya wuce kilomita 100,000 ba a taɓa fistin ko ringinsa ba, kuma saboda wannan ne ya yi suna a Turai. Abin da ke kwantar da shi a bayan ɗaki, a lulluɓe da tsohuwar tabarma, ƙananan abubuwa ne guda biyu ko uku da ke kewaye da injin, sai kuma aika-aikar wanda ya riƙe shi kafin kai.

Na farko, kuma wanda ya fi kowanne kunyata mai babur a tsakiyar hanya, shi ne rektifaya. Wannan ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, aikinsa shi ne ya karɓi wutar da koyil ke samarwa, ya daidaita ta, ya tura wa batir. Wutar da ta yi rara kuwa zafi take komawa. Na asalin da Honda ta sa wa baburanta na shekarun 1990 ba ya jure wannan zafi sosai, alhali a ƙasashe masu sanyi ake hawansu, balle kuma an kawo shi nan inda rana ke dukansa daga sama, inji na gasa shi daga ƙasa. Idan ya fara mutuwa ba ya yin ƙara, ba ya hayaƙi. Sai dai ka ga fitila tana dusashewa, mita tana rawa, sitata tana nishi da safe. Mai babur sai ya ce batir ne, ya sayi sabo, bayan mako biyu shi ma ya mutu, ya koma ya kama mai sayar da batir da faɗa. A tuna kuma wannan babur ba shi da kik. A kan F4i abin ya fi muni, domin famfon mai da injekta duk da wuta suke aiki, da zarar batir ya zube sai babur ya mutu yana cikin tafiya.

Gwajinsa ba wuya. A samu mai wayarin da ke da mitar auna wuta, a ɗora ta a kan batir. Inji a kashe ya kamata a ga kimanin bolt 12.6. A tayar da inji, a kunna fitila, a murɗa totur har allura ta kai 5,000, a nan ana son a ga tsakanin 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya ƙasa da 13, ba ya caji. In ya haura 15 yana ta hawa, to yana dafa batir ne, kuma ƙwan fitila ne zai biyo baya. Bayan haka a ɗaga kujera a nemi soket ɗin da wayoyi uku masu ruwan ɗorawa suka shiga, a zare shi a duba. In robar ta yi baƙi ko ta narke, to ciwon ya daɗe, wataƙila ma ya taɓa koyil, shi kuwa koyil kuɗinsa ya fi na rektifaya nesa ba kusa ba. Shawararmu ga wanda zai canja ita ce ya nemi sabon samfuri da ake kira MOSFET, irin na kamfanin Shindengen, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar tsohon. Na arahar nan marasa suna kuwa, sau da yawa ko shekara ba sa yi.

Na biyu shi ne abin da ke ɗaure taimin cen, wato tenshina. Wannan ciwon gado ne a gidan CBR600F. Alamarsa wata ƙara ce kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, tana fitowa daga gefen dama na inji, galibi idan allura tana tsakanin 4,000 zuwa 6,000, ko idan aka saki totur. Gyaransa ba babba ba ne, noti biyu ke riƙe da shi daga wajen inji, a cire a sa sabo. Amma in aka ƙyale shi, sarƙar na iya tsallake haƙori, bawul ya haɗu da fistin, daga nan kuma maganar ta zama ta sauke inji. Wani abu kuma, dillalai sun san wannan ƙara sarai. Don haka in ka je ganin babur ka taras salansarsa irin mai tsawar nan ce da ke tada unguwa, to ka kai kunnenka kusa da inji, domin tsawa tana rufe ƙarar tsakuwa.

Kuma mu ƙara da cewa a je ganin babur da sassafe, a taɓa inji da hannu a tabbatar da sanyi yake. Injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye rabin laifinsa.

Sai maganar mai. F2 da F3 da F4 kafireto huɗu gare su. Babur da ya yi watanni a ajiye a can, ya ƙara wasu makonni a cikin kwantena, fetur ɗin da ya rage a ciki yakan bushe ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Sai ka ji sulo ba ya tsayawa, ko babur yana tafiya da silinda uku. Wankewa ba ita ce wahalar ba, wahalar ita ce a daidaita huɗun su riƙa shaƙar iska daidai da juna, wannan kuwa da na'urar awo ake yinsa, ba da kunne ba. Ba raina bakanikenmu na bakin titi muke yi ba, a kan Boxer da Apsonic da Haojue ba mai kama ƙafarsa, amma waɗannan duk silinda ɗaya ne. Kafin ka biya kuɗin babur, ka fara sanin wanda zai riƙa taɓa maka shi, ko a Suame Magazine ko a Akara, ka kuma ga irin babur ɗin a hannunsa da idonka. F4i ya huta da wannan wahala, amma shi ba ya son datti ko kaɗan. Man kwalba na bakin hanya da tsatsar cikin tanki su ke kashe masa famfo. Yana da wani laifin kuma: abin da ke daidaita ƙarfin mai yakan yoyo, fetur ya gangara cikin inji. In ka buɗe murfin baƙin mai ka ji warin fetur, to ga inda za a fara dubawa. A haska tocila cikin tanki, ko wane samfuri ne.

Tunda mun ambaci baƙin mai, kulocin wannan babur a cikin mai yake wanka, don haka ba kowane man mota ne ya dace da shi ba. A nemi 10W-40 wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. In ba haka ba kuloci zai fara santsi.

Lagireto da fanka su ma a duba su. An ƙera babur ɗin ne domin iska ta riƙa dukansa, ba don ya tsaya cikin cunkoson Kejetia da tsakar rana ba. A bar shi yana sulo har ya yi zafi, a ga fanka ta tashi da kanta. In ba ta tashi ba, kada a hau. Ruwan rijiya ko na famfo ba na lagireto ba ne, yana cin alminiyom daga ciki. Lokacin hunturu kuma ƙura tana cika iyakilina da wuri. Bututan salansa huɗu da ke fitowa daga gaban inji sukan ruɓe da tsatsa a kan waɗanda suka zo daga Ingila ko Jamus, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara, sai a durƙusa a leƙa ta ƙasa.

Yanzu ga inda muka fi son mai saye ya buɗe ido. Duk abin da muka lissafa a sama kuɗi ne ke maganinsa. Babur da ya taɓa yin mummunan haɗari kuwa, rai yake nema. Robobin jiki sababbi ful masu ƙyalli a kan babur mai shekara 25 ba abin murna ba ne, abin tambaya ne: me ya sami na asalin? A juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, a duba ƙarafan da ke tare shi, in sun lotsa ko an yi musu walda, to ya sha ƙasa da ƙarfi. A dubi shokazoba biyu na gaba ta gefe a ga ko a miƙe suke, a shafa a ji ko mai na zuba. Shasin F4 da F4i na alminiyom ne, in ya tsage ba aikin mai waldar ƙofa da taga ba ne, mu dai a wurinmu babur mai tsagaggen shasi ko kyauta ba ma so. In ka ga an huda notin zubar da baƙin mai an yi masa ɗan rami na ɗaura waya, wannan alama ce ta cewa an yi tsere da shi a fili. A gwada giya ta biyu musamman, a murɗa totur da ƙarfi. In ta fice da kanta, to mai shi na da ya sha ɗaga ƙafar gaba, gyaran kuwa sai an raba inji biyu.

Lambar kilomita da ke kan mita kada ta ruɗe ka, canja mita ba wuya ba ne, kuma na Ingila da Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Faifan birki da robar takawa sun fi mita faɗin gaskiya. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu ne a gefenta, misali 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba ta riga ta bushe, ba ta kama titi. A tambayi kuɗin ta baya, 180/55-17 a kan F4 da F4i, a Abossey Okai kafin a yi ciniki, domin wasu nan ne jikinsu ke yin sanyi.

Takardu: a gwama lambar shasi da ke wuyan babur da ta takardar kwastan da ta DVLA, harafi da harafi. F4i na Turai kuma yana da tsarin makulli mai suna HISS, wato makullin na da ɗan abu a ciki da kwamfutar babur ke ganewa. Makullin da aka yanka a kasuwa zai juya, amma inji ba zai tashi ba. In makulli ɗaya aka ba ka, ka yi na biyu tun na farkon yana hannu, domin in duk suka ɓace maganar ta kai ga kwamfutar kanta.

To, mu saya ko kada mu saya? Ga wanda ya daɗe yana hawan babur, yana da bakanike, ya kuma ware wani abu daga kuɗinsa domin rektifaya da tenshina da taya da sarƙa tun ranar farko, F4i mai lafiyayyen shasi babur ne da zai riƙe shi shekaru. Ga yaron da jiya-jiya ya sauka daga kan Boxer kuwa, ba mu goyi baya ba, kuma muna roƙon iyaye da yayye masu aiko da kuɗi daga waje su ji wannan. Ƙarfinsa ya kai na doki 100 ko fiye, a giyar farko kaɗai yana kusantar kilomita 100 a awa, alhali dokar hanya ta 2012 kilomita 50 ta yarda a yi a cikin gari. Ƙafafunsa na alminiyom rami ɗaya ke lanƙwasa su, cikinsa kuma yana gogar tudun rage gudu. Ranar hawan Sallah, lungunanmu cike suke da yara da tsofaffi, birki kuwa komai kyansa yana bukatar fili. Hular kwano ta gaske, mai rufe haɓa, a sa ta cikin lissafin kuɗin babur.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane jabun baƙin mai da jabun fulogi a kasuwa. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta hannun edita. Mu kwana nan.