Saƙon Na'ura Ma Rubutu Ne, Mu Daina Raina Shi



A zaman ƙungiyarmu na ƙarshe, wani ɗan uwa ya kawo shawarar a ware rana guda don koyon rubuta saƙonnin na'ura da Hausa, wato 'yan gajerun jimlolin nan da waya ko kwamfuta ke nuna wa mutum idan ya yi kuskure ko idan aiki ya kammala. Dariya aka yi masa. Wani babba daga cikinmu har ya ce mu marubuta ne, ba masu gyaran waya ba. Mu da muka yi shiru a ranar ba mu kyauta ba, kuma yau za mu yi magana. Saƙon na'ura rubutu ne, aikin marubuci ne, kuma duk wanda ya raina shi ba shi da bakin yin kukan cewa na'ura ba ta jin Hausa.

Hujjarmu za mu ɗauko ta daga manyan kwamfutocin kamfanin IBM na Amurka, waɗanda ake kira menfirem. Ranar 7 ga Afrilu, 1964 kamfanin ya sanar da jerin kwamfutocinsa na System/360, kuma jikokinsu har yau suna aiki a manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama a duniya. A kansu akwai wata manhaja mai suna CICS, wadda ta shiga kasuwa a 1969. Aikinta shi ne sarrafa mu'amaloli irin su cire kuɗi da duba asusu. Tana da saƙonni dubbai, kowanne da lambarsa mai farawa da haruffan DFH.

Ku duba yadda ake yi da waɗannan saƙonni. Ba a barbaza su cikin umarnin manhaja ba, an tara su a wuri na daban. A nan ake bayyana kowane saƙo: lambarsa, inda za a aika shi, kalmominsa, da guraben da za a cike daga baya da sunan fayil ko lokaci. Sai wata ƙaramar manhaja ta karanta wannan bayani, ta mayar da shi zuwa harshen asembula, wanda shi ne harshen da ya fi kusa da ainihin umarnin da na'ura ke bi. Daga nan a harhaɗa shi ya zama jadawalin saƙonni. Idan matsala ta taso, babbar manhaja lamba kawai take kira, jadawali ya miƙo mata kalmomi. Da wannan tsari ne CICS take iya magana da Ingilishi da Japananci da Sinanci ba tare da an sake gina ta ba.

Injiniyoyin da kansu sun raba aikin biyu: umarni nasu ne, kalmomi kuma an ajiye su inda mai harshe zai iya taɓa su. Irin wannan rabo ne manhajojin wayoyinmu ke bi a yau, shi ya sa Facebook ya iya ƙara Hausa a 2016. Ba mu ce gobe wani banki zai nemi mu juya masa CICS zuwa Hausa ba. Mun kawo ta ne don a ga cewa an daɗe da keɓe wa marubuci kujerarsa, mu ne muka ƙi zama.

Masu cewa wannan ba fasaha ba ce, su zo mu auna. Layin asembula gurbi 80 ne, gadon katin nan mai huji da ake shigar da umarni da shi a da. Rubutu yana tsayawa a gurbi na 71, a sa alama a na 72 idan jimla ba ta ƙare ba, a ci gaba daga gurbi na 16 a layi na gaba. Saƙo mai layi ɗaya da manhaja ke aika wa ma'aikacin da ke kula da na'ura ba ya wuce haruffa 126. A cikin wannan ɗan fili dole a faɗi abin da ya faru da abin da za a yi. Saƙonnin tsarin z/OS, wanda ke tafiyar da waɗannan kwamfutoci, har harafin ƙarshen lambarsu yana da aiki: I na nufin sanarwa ce kawai, A na nufin a ɗauki mataki yanzu, D na nufin ana jiran ma'aikaci ya yanke shawara. Mu da muke cika shafi uku kafin jarumarmu ta gama shafa hoda, wa zai iya wannan a cikinmu? Mawaƙin da ke ƙirga gaɓoɓi don kada karinsa ya karye ya fi kowa sanin cewa matsi ba ya kashe fasaha.

Masu cewa a bar wa injiniyoyi kuma, ga abin da zai faru. A harshen asembula, ana rufe rubutu tsakanin waƙafin sama guda biyu, alamar da muke rubuta hamza da ita. Idan alamar ta faɗo a tsakiyar rubutu, dole a ninka ta, in ba haka ba na'ura za ta ɗauka magana ta ƙare a nan. Kalmar ma'ana sai ta koma C'ma''ana', kalmar 'ya'ya kuma ta koma C'''ya''ya'. Jimlar Hausa da wuya ta yi nisa ba ta ci karo da sa'a ko na'ura ko ma'aikaci ba. Wanda bai san harshen ba, idan alamar ta dame shi, goge ta zai yi ya huta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Haruffanmu masu ƙugiya sun fi wannan haɗari. Tsarin haruffan menfirem na asali, EBCDIC, gurbi 256 ne da shi, kuma a shafinsa na Amurka babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsarin Unicode ya ba su gurbi, amma gurbi ba ya amfani idan mai rubutu bai damu ba. A cire ƙugiya ɗaya, sai "an ƙare asusunka" da "an kare asusunka" su zama jimla ɗaya. Ɗaya na cewa komai ya tafi, ɗaya na cewa komai na nan lafiya. Marubuci ne zai hango wannan, ya sauya kalma tun kafin ta isa gaban mai karatu.

Akwai kuma masu cewa Google zai fassara, tunda ya san Hausa tun 2013. To, a ba shi saƙo mai gurbi mu gani. Saƙon yana cewa ba a sami wani abu ba, amma sai lokacin aiki za a san mene ne abin. Idan aka rubuta "ba a same shi ba", ya dace da fayil, ya saɓa da manhaja. Idan aka rubuta "ba a same ta ba", an juya matsalar ne kawai. Sai wanda ya san harshensa zai gina jimlar ta zama "ba a sami" kaza "ba", yadda kowane suna zai zauna daram. Haka batun wanda ake yi wa magana: ka shigar, ki shigar, ko ku shigar? Na'ura ba ta san ko Hajiya ce a gabanta ko ɗan makaranta ba. Hausa tana da mafita a cikin "a shigar da lambar sirri", mai ladabi ga kowa, amma sai an zauna an zaɓa.

Kada a ɗauka wasa ne. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya tururin da ya wuce kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Ba menfirem ba ce, kuma tushen matsalar kuskure ne a manhajarta. Amma a garin Tyler na jihar Texas a 1986, abin da ta nuna wa ma'aikaciya shi ne kalma ɗaya mai nufin tangarɗa da lamba 54. Saƙon bai ce mata akwai rai cikin haɗari ba, sai ta danna a ci gaba.

A nan gida abin bai kai haka ba, amma muna ganin iyayenmu a gaban na'urar cire kuɗi suna miƙa wa baƙo katinsu saboda ba su gane abin da allo ke faɗa ba. Ranar da za a nemi waɗannan saƙonni da Hausa, wani zai rubuta su. Idan ba mu ba ne, zai zama wanda ke bin Turanci kalma bayan kalma, sannan mu dawo muna yi masa dariya kamar yadda muka yi wa ɗan uwanmu.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta saƙo goma: kuɗi bai isa ba, lambar sirri ba daidai ba, layi ya katse ana tsakiyar tura kuɗi, da makamantansu. Kada ko ɗaya ya wuce haruffa 126. Kowanne ya faɗi abin da ya faru da abin da za a yi. A karanta wa wani dattijo a gida, idan ya ce "me ake nufi?", a sake rubutawa. Shawarar ɗan uwanmu kuma za mu sake gabatar da ita a zama mai zuwa, kuma wannan karon za mu ɗaga hannu.

Allah ya sa mu dace.