Kada Mu Raba Ragowar Maganin Ciwo

'Yan'uwa a Wurno, Rabah da Goronyo, mun saba idan mun je gaida maras lafiya mu miƙa masa ragowar maganinmu. Idan ƙwayar da ta haɗa kodin da farasitamol ce, mu daina. Likita ke rubuta ta, don ciwo mai tsanani, na 'yan kwanaki kawai. Wanda ya ƙara Panadol a kanta ya ninka farasitamol, kuma babba ma ya wuce giram 4 a rana, hanta na iya lalacewa. Kodin yana sa barci, yana rage numfashi, jiki kuma yana sabawa da shi. Saboda shaye-shaye gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Dattawan ikilisiya, ku tambayi samarinmu masu aikin albasa abin da suke sha don gajiya. Wanda ya sha kada ya tuƙa babur, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba.