DANDALIN KWALLIYA: Rigar Ruwa Ga Mai Faɗin Ƙugu

Agusta ya kama, ruwa ba ƙaƙƙautawa daga Tsafe har Bungudu, ga bukukuwa birjik. Yarinya ta caɓa ado da leshi irin na ’yan fim, kafin ɗan acaɓa ya kai ta gidan biki ta zama tsamo-tsamo. Maganin wannan dai rigar ruwa ce.

To amma ’yan mata masu ƙananan kafaɗu da faɗin ƙugu su suka fi tafka asara. Sai ka ga sun auna riga a kafaɗa, an zo ƙugu zif ya ce bai san zancen ba!

Dabarar ita ce, in ta shiga kasuwar Tudun Wada a Gusau, ta fara aunawa daga ƙugu. Ta nemi mai buɗewa ta ƙasa kamar siket, wadda ta wuce gwiwa, don mai tsayawa a ƙugu ƙara masa faɗi take yi. Banda manyan aljihunan gefe. Babbar kwala kuwa cika kafaɗa take, jiki ya daidaita.

Ta gwada a kan hijabinta, ta zauna, ta duba ɗinki a haske, domin ta nan ruwa ke shiga. Sannan a yi ciniki.

Sai wata mai zuwa.