Gangar Bayanau da Ƙannenmu Masu Jiran Kiredit

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, yaran wannan gari da na Kurfi suna ganin ƙofarta da idanunsu, amma da yawansu ba su iya shiga. Abin da ya tare su sau da yawa shi ne kiredit a Turanci, wanda in babu shi babu gurbi. A cikin takardar Turanci ta WAEC da NECO kuwa akwai wata tambaya da kusan kullum take dawowa a sashen fahimtar karatu: a ɗauko wani yanki daga cikin jimla, a ce ɗalibi ya faɗi sunansa a nahawu, ya kuma faɗi aikinsa. Makin ba shi da yawa, amma wanda ya tsaya a bakin kiredit ya san darajar maki ɗaya.

Mu da muka tsallake mun san yadda aka koya mana gangar bayanau, watau abin da Turawa ke kira "adverbial clause". An rubuta mana jerin kalmomi a allo, su "when" da "because" da "although" da "if", aka ce duk inda muka ga ɗayansu, to ga ta nan. Muka haddace kamar karatun allo. A ganinmu wannan hanya ita ce ke kada yara, domin kalma ɗaya takan buɗe ganga iri uku.

Ga misali. "We went home when the lorry left Kurfi." Nan gangar tana faɗin lokacin da aka tafi gida, saboda haka bayanau ce, kuma aikinta shi ne ƙarin bayani a kan aikatau "went". Amma a "We know when the lorry left Kurfi", abin da aka sani ake faɗi, watau gangar ta zauna a mazaunin suna. A "We remember the day when the lorry left Kurfi" kuma, ranar ake siffantawa. Yaron da ya dogara da jerin allo zai ba da amsa ɗaya a wuri uku, ya faɗi biyu, alhali kuwa ba rashin basira ke damunsa ba.

Abin takaicin shi ne yaron nan ya san wannan nahawu tun yana goye. Ka ce wa manomin Kurfi, "Idan ruwa ya sauka," sa'an nan ka yi shiru. Zai zuba maka ido yana jiran sauran magana, domin kunnensa ya gaya masa ganga ce dogarau, ba ta tsayawa ita kaɗai. Hausa ma takan sauya siffar lamiri ta nuna haka: muna cewa "sun iso", amma "sa'ad da suka iso". Muna da "kafin", da "bayan", da "ko da yake", da "don kada". Kuma Bahaushe yakan juya jimla ba tare da tunani ba: "Mun koma gida da motar ta tashi", ko "Da motar ta tashi, sai muka koma gida." Wannan juyawa ita ce awo mafi sauƙi, gama gangar bayanau takan yarda a kai ta farkon jimla ma'ana ba ta ɓaci ba, amma mai siffanta suna ba ta rabuwa da sunanta. Saura a tambayi aikatau: yaushe, ina, don me, bisa wane sharaɗi? A kuma duba ko akwai aikatau a cikin yankin, don "after the rain" ba ganga ba ce, "after the rain stopped" ita ce ganga.

Za a ce shigar da Hausa ajin Turanci yana lalatar da yara. Ba mu yarda ba. Ba mu ce a daina magana da Turanci a aji ba. Cewa muka yi a ɗora sabon gini a kan harsashin da ke nan. Kayan aiki ma ba su yi wuya ba, tun da Farfesa M. K. M. Galadanci ya wallafa littafinsa na nahawun Hausa tun 1976, kuma ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a garin nan tana horar da malamai.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu su shirya darussan hutu kafin jarrabawar bana. A haɗa ɗalibi ɗaya mai nazarin Turanci da ɗaya mai nazarin Hausa a kowane aji, a nemi izinin shugabannin makarantun Dutsin-Ma da Kurfi, a tara tsofaffin takardun jarrabawa, kuɗin alli da na mota kuwa a fitar daga asusun ƙungiya.